Mai Juya Baya a Watandarmu ta Summerfield

Sa na farko da na feɗe a ƙasar nan ta Amurka, a wata gona ce can Summerfield, kuma kafin a kayar da shi sai da na zagaya shi ina neman tozo. Babu. Bayansa a shafe kamar tebur. Tsohon Baturen da ke da gonar ya tsaya yana kallona, ya ɗauka wani aibi na hango. Na ce a raina, to Ilu, ka zo ƙasar da shanu ma ba su da tozo, sai ka sake koyon rabo daga farko. Ku samari da kuke shigowa shago yanzu, ku ga na tura cinya bakin injin zarto ta fito gunduwa-gunduwa, har kuna cewa ai wannan kowa ya iya. Yanka ba wuya, na yarda. Amma wanda bai iya rabo ba bai iya fawa ba, ko da wuƙarsa ta azurfa ce.

A Maraɗi na koya, a hannun kawuna Ɗan Jimma. Shekarun farko ko ƙotar wuƙa bai bar ni na taɓa ba. Tumbi nake wankewa, in juye hanji, in ja fata zuwa wurin shanya, in koma gida ina wari har karnuka na bi na. Da ya ga ban gudu ba, ya ba ni dutse ya ce in dinga wasa masa wuƙaƙe. Sai can daga baya ya zaunar da ni gaban nama ya ce in kasa. Na kasa, na gyara, na ja da baya ina jin kaina. Ya ce, “To ɗauki ɗaya, naka ne.” Na miƙa hannu kan na tsakiya. Sai ya sa hannu biyu ya haɗe su duka wuri guda.

“Idonka ya tsaya kan kashi ɗaya,” in ji shi. “Tunda kai ma kana da wanda ka fi so, rabon bai yi ba. Sake.”

Haka muka yi ta yi har ranar da ya ce in ɗauka, na tsaya na rasa wanda zan ɗauka. Ran nan ya fara kirana mahauci.

Kayan aikina ba su da yawa, har gobe. Doguwar wuƙa ta yanka, wadda ba ta taɓa ƙashi, da gajeriya mai ɗan lanƙwasa ta fiɗa, da gatari, da dutsen nan na kawu da na sako cikin safa na hawo jirgi da shi. Abin da Amurka ta ƙara mini shi ne tamfol da kuloli da ƙanƙara. Baturen gonar ya so ya riƙa ɗaga mini sa da tarakta, a rataye shi a feɗe a tsaye. Na gwada, ban ji daɗi ba. Ni a ƙasa na saba, a kan fatarsa, ita ce tabarmarsa.

Watanda muka fara saboda a lokacin naman halal a Greensboro sai ka sha tafiya, in ka samu ma daskararre ne wanda ba ka san ranar da aka yanka shi ba. Sai magidanta goma suka haɗu, mutanen Nijar da na Najeriya, a sayi sa guda a raba kashi goma. Muna yi gabanin kowace Sallah, muna kuma yi tsakani idan firiza ta yi kuka. To a nan aikin yake. Sa ɗaya hantarsa ɗaya ce, zuciyarsa ɗaya, ƙodarsa biyu, kuma kowane gida sai ya ga nasa. Tsoka ta cinya daban da ta wuya. Ƙashi mai ɓargo daban da ƙashin banza. In ka ba Hajiyar wane kitse ya yi yawa, kafin ka iso gida waya ta riga ka. In ka rage wa wata tumbi, ta ce an raina mijinta, alhali 'ya'yanta haihuwar nan ko kallon tumbin ba sa yi, sai su toshe hanci. Kai da ƙafafu kuwa zagayawa suke, wannan karo gidan wane, karo na gaba gidan wane.

In na gama kasawa, ba ni ke cewa wannan na wane ba. Al'adarmu ita ce a sami mutum ɗaya ya je nesa kaɗan ya juya baya. Ni in ɗora bakin wuƙa kan kashi in ce, “Wannan na wa?” Shi kuma ya kira suna, bai ga abin da na taɓa ba. Wanda aka kira ya zo ya kwashe, babu magana. Abin kamar wasan yara, amma shi ne ke riƙe da watanda. Sai dai dole mai juya bayan ya zama wanda kowa ya yarda ba shi da ɗan ɗaki a cikinmu. A nan muka sha wuya da farko. In ɗan Nijar ya juya, 'yan Najeriya su ce ya ji tarin ɗan'uwansa. In Bakano ya juya, namu su ce ai Bakano ko ta ƙeya yana gani.

Mamman ne ya kawo mana mafita. Mamman mutumin Damagaram ne, yana aiki a wani kamfanin katifa, kuma a can ya san wani Balarabe ɗan Iraki mai suna Kazim, mu muka mayar da shi Kazimu. Yana da fikof, mu kuma muna neman motar ɗaukar kuloli. Ya zo ranar farko don ya taimaka, ya ga muna gardamar wa zai juya, ya tambayi abin da ake ciki. Da aka yi masa bayani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tafi bakin shinge ya ba mu baya. Tun daga ranar ya shiga watanda da kashinsa guda a madadin wani da ya fita, ya kuma zama mai kiran suna. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba, amma “na Mamman”, “na Alhaji”, “na Malam Ilu” ya iya su sarai, har yana ja musu murya kamar mai shela.

Mun san ɗan Shi'a ne, kamar yadda za ka san wane bahago ne. In azahar ta same mu a gona yakan bi sahu, hannuwansa a sake, to rabin dattawan Nijar ma a sake suke salla, wa zai kula? Daga kudancin ƙasarsu ya gudo bayan yaƙin farko da Amurka ta yi da Iraki, ya yi shekaru a sansani cikin hamada kafin a kawo shi nan. Gidansa na Glenwood, ɗan ƙarami, kusa da gidajen ɗalibai.

Da Amurka ta shiga Iraki, gonar nan ta koma majalisa. Tsakanin yanka da rabo akwai dogon zama, ni ina duƙe ina aiki, su suna tsaye hannu cikin aljihu suna gyara duniya. Shekarar farko abin da sauƙi. Kazimu ya yi murnar faɗuwar shugaban da ya kore shi, ba wanda ya ga laifinsa. Amma da yaƙin ya ƙi ƙarewa, magana ta koma kan fita: yaushe sojoji za su fita, kuma ta wace ƙofa.

Alhaji Sani shi ne babbanmu, mutumin Kaduna, yana da motocin tasi a cikin gari. Kada ku ɗauka mugu ne. Duk wanda ya rasu a cikinmu, shi ke fara tsayawa kan gawa har a binne ta ko a kai ta gida. Amma in ya kama magana ba ya saki. Shi a wurinsa su fita yau, kafin la'asar.

“Wa ya gayyace su?” yakan ce. “Mutum ya faɗo maka gida ta katanga, sannan a zauna ana meeting kan yadda zai fita? Ya bi ta inda ya shigo.”

Mamman kuwa ɗansa na fari, Isuhu, yana can cikin sojan Amurka, yana tuƙa manyan motoci. Ya shiga ne don takardu da kuɗin makaranta, sai yaƙi ya same shi a ciki. Mamman bai damu da wa ya yi daidai ba.

“Bon, ni dai su sa rana,” yakan ce. “Su ce wata kaza za mu tafi. In na san rana, na iya barci. Uwarsa in waya ta yi ƙara sai ta zauna ƙasa kafin ta ɗauka.”

Akwai kuma Habu, wani mai dogon karatu a jami'a, wanda ya ce shi ya gano bakin zaren. A raba ƙasar uku, 'yan Shi'a su ɗau kudu, Ahlus Sunna tsakiya, Kurdawa arewa, sannan Amurka ta tattara ta tafi.

Kazimu ya saurare shi ya ce da Turancinsa mai tsalle-tsalle, “Ƙanena yana Bagadaza. Shi ɗan Shi'a, matarsa Sunni. 'Ya'yansu huɗu. Ka gaya mini inda za ka sa wuƙa.”

Nasa ra'ayin shi ne su tafi, amma ba da gudu ba. Wanda ya ɓalle ƙofar gida, in ji shi, ya tsaya ya mayar da ita kafin ya wuce, in ba haka ba ya bar masu gida da kuraye. Alhaji ya ce wannan maganar masu son a zauna ce. Mamman ya ce to da ɗan wa za a gyara ƙofar? A yi ta yi, har in ɗago in ce nama ya kasu. Sai Kazimu ya tafi bakin shinge, a yi dariya, kowa ya kwashi nasa. Gardama ba ta taɓa bin mu cikin mota ba.

Shekarar da ta ɓaci ita ce ta dubu biyu da shida. Tun da aka fasa wani babban masallacin 'yan Shi'a a can, kisa ya koma tsakanin maƙwabci da maƙwabci. A tare mota a tambayi sunanka, sunan ya kashe ka ko ya cece ka. Mu nan muna gani a talabijin, wasu suna karɓar kaset daga gida, kowa da malaminsa. Kalmomin da ban taɓa ji a gonar nan ba suka fara fitowa. Alhaji ya daina cewa Amurka kaɗai, ya koma cewa Amurka da waɗanda suka buɗe mata ƙofa. Faɗan da ba a unguwarmu ake yi ba, mun ɗauko shi mun kawo Summerfield a bayan mota.

Watandar ƙaramar Sallah ta faɗo ranar Asabar, cikin goman ƙarshe na azumi. Sa ne baƙi mai kitse, ya ba mu wuya kafin ya kwanta. Ga sanyin safe, ga yunwa, kowa a wuya yake. Kazimu, wanda kullum shi ke riga kowa, ran nan sai da na buɗe ciki sannan fikof ɗinsa ta shigo. Ya sauko da baƙar riga, baƙin wando, fuska ba aski. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, bai tsokani kowa ba. Ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce ko akwai wanda zai sayar masa da kashinsa, yau yana son biyu. Na ɗauka baƙin Sallah zai yi. Na ce zan tambaya, na ci gaba da zare hanji, don hanji in ka ɗauke ido ya fashe ya ɓata maka nama.

Ina jin su a bayana. Habu ya ɗauko zancen zaɓen da ke tafe a nan Amurka, wai in 'yan adawa suka ci majalisa za a fara janye soja. Alhaji ya ce duk kanwar ja ce. Sai Habu ya juya ya ce, “Kazimu, kai mai ɗaki ne, kai ka san inda yake yoyo. Yanzu me ka ce, su fita ko su zauna?”

Kazimu ya ce, “Su fita, su zauna. Duk ɗaya ne.”

Mamman ne ya fara hawa. “Duk ɗaya ne? Ɗana yana can yana bin hanyar da ake dasa bam saboda ku, ka ce duk ɗaya ne? A da ka ce su tsaya su gyara ƙofa, yau kuma ba ruwanka?”

Alhaji ya koma Hausa, yana nuna Kazimu da haɓa.

“Ku dubi kayan jikinsa mana. Yaushe ya taɓa zuwa mana haka? Mu mun san baƙaƙen kayan nan, mun gan su a gida, masu tare hanya da tutoci. Yanzu da suka samu mulki a can, shi ne ya zo ya nuna mana ko shi wane ne. A cikin azumi!”

Wani ya ce a yi haƙuri. Wani ya ce ai gaskiya Alhaji ya faɗa. Ni ma na ɗago na dubi rigar, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da Alhaji ya gani shi na gani. Duk cikinmu ba wanda ya ga wani abu daban.

Na gama kasawa, kashi goma a jere kan tamfol, kuma rabon ya yi kyau. Na ce bismilla. Kazimu ya miƙe kamar yadda ya saba, ya tafi bakin shinge ya juya baya. Na ɗora wuƙa kan kashin farko na ce, “Wannan na wa?”

“Dakata, Malam Ilu,” in ji Alhaji. “Ni yau ba zai kira sunana ba. Mai juya baya sai wanda ba shi da ɓangare. Wannan ya nuna nasa. A nemo wani.”

“Haba Alhaji, nama ne fa,” na ce. “Bayansa ba ido.”

“Na faɗa. Ɗan Shi'a ba zai raba mini naman Sallah ba.”

Kalmar nan ba ta bukatar tafinta. Kazimu yana tsaye, bayansa gare mu, hannuwansa a kan shinge. Muka tsaya muna jira ya juyo ya yi faɗa, a ba shi haƙuri, a wuce wurin. Bai juyo ba. Ya bi gefen shingen a hankali har wurin motarsa, ya shiga ya tafi.

Baturen gonar muka roƙa ya kira mana sunaye, yana ta karya su. A ranar ne karo na farko da na ga magidanta suna leƙen kashin juna. Wani ya ce hantarsa ba ta kai ta wane ba. Wani ya ce a kawo sikeli, kamar sikeli ya san bambancin tsoka da jijiya. Kashin Kazimu ya rage shi kaɗai a kan tamfol. Na zuba shi a kula na ce ni zan kai masa.

Na isa Glenwood bayan la'asar. Tun daga bakin titi na ga motoci sun cika gaban gidan, takalma jibge a ƙofa. A bayan gida an ɗora manyan tukwane kan murhun gas, mata suna wanke shinkafa. Na leƙa falo. Maza ne zaune a ƙasa sun jingina da bango, ana karatun Alƙur'ani, kuma kowannensu da baƙar riga. Wani dattijo ya taso ya karɓe ni, shi ya gaya mini. Ƙanen Kazimu ne, na Bagadaza. Ya fita sayo burodi, aka tare shi a hanya, sai bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa. Ba a san ko su wa ba ne, don unguwar tasu kowane ɓangare na shiga. A al'adarsu, in an yi wa mutum rasuwa yakan sa baƙi ya bar aski, mutane su zo su zauna da shi, a ciyar da su. Naman da ya nema kashi biyu, na buɗa-bakin masu ta'aziyya ne.

Mu Hausawa ba ma sa baƙi don mutuwa. Mu faɗa muke yi da baki, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Baƙar riga a idonmu abu ɗaya take nufi, shi muka karanta. Na tsaya riƙe da kula a tsakar gidan mutane, kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Kazimu ya fito, na yi masa gaisuwa da ɗan Larabcin da na iya. Ya karɓa, ya yi godiya. Ya ce tunda na zo da wuƙa, in taimaka in yanka musu ƙanana yadda zai yi saurin nuna. Na tsuguna a bayan gidan na yanka. Bai isa ba, sai da suka aika aka ƙaro daskararre daga shago.

Watandar ba ta mutu a ranar ba, ta dai kama ciwo. Mun ƙara 'yan shekaru muna yi, da sikeli da ƙorafi, har mutane suka gwammace su zo shago su sayi abin da suke so. Isuhu ya dawo da ransa, alhamdu lillahi. Sojojin ma daga baya sun fita, ba a ranar da Alhaji ya so ba, ba kuma yadda Habu ya tsara ba, ba wanda ya tambaye mu. Kazimu bai sake taka gonar ba. Da shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Michigan wurin danginsa. Na yi rashin abokin aiki, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Amma kafin nan, washegarin ranar da na kai naman Glenwood, na je na sami Alhaji na gaya masa abin da na tarar. Ya yi salati ya dafe kai. Bai tsaya neman hujja ba, ya ce in raka shi, muka biya muka ɗauki Mamman. Kazimu ya tarbe mu a ƙofa, ya ba mu wuri a cikin mutanensa. Alhaji ya yi addu'a mai tsawo, Larabawan suna amin. Mamman kuwa kuka kawai yake yi. Da muka tashi tafiya, Alhaji ya riƙe hannun Kazimu da hannu biyu.

“Ɗan'uwa, ka yafe mini. Amma don Allah me ya sa ba ka faɗa mana ba? Da ka faɗa, wallahi da sa ɗin gaba ɗaya mun kawo gidan nan.”

Kazimu ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. Ya kama gaban baƙar rigarsa da yatsu biyu ya ɗan ja ta.

“Na faɗa, Alhaji,” ya ce. “Tun daga ƙofar gona nake faɗa. A garinmu ko maƙiyinka ya gan ka haka, sai ya tambaye ka wa ya rasu.”